Ƙasar Lambun Baba a Kwanonin Inna

Shekarun baya, ina karatun digiri na biyu can kudu, aikina duka a kan wata funfuna yake. Ba irin wadda ke fitowa a kan kwantan tuwo ba. Wannan cikin ƙasa take zaune, kuma farauta take yi. Akwai wasu tsutsotsi da ido ba ya gani, su ke shiga saiwar tumatir ta yi ƙulu-ƙulu, shuka ta yi yaushi. Ita funfunar, da ta ji ƙanshinsu sai ta ɗana zarge, tsutsa na zura kai ta shaƙe ta. Abin da nake bincike shi ne waɗanne ƙwayoyin halitta na gado ne ke farkawa su kama aiki a cikin zargen, alhali a sauran jikinta barci suke.

A lambun mahaifina na same ta, wajen Madekali, a wani lungu da tumatir bai taɓa yin wannan ciwo ba. Ranar da na je ɗibar ƙasar da cokali da leda, yana tsaye yana kallona. Ya ce, "Uwata, ɗiyan mutane na karatun likita, ke kina kwasar turɓaya?" Na yi dariyar yaƙe, ban yi masa bayani ba. A raina na ce, ina tsohon masunci da ya koma noma zai gane wannan?

Ana saura 'yan watanni in gama, firigon sanyi na labo, wato ɗakin bincikenmu, ya lalace lokacin hutu. Na dawo na tarar duk abin da na rena shekara guda ya ruɓe. Malamina ya ce in ban samo irin funfunar ba, sai dai in soma wani aiki daga farko. Damina ta yi nisa, kogi na cikowa, kuma na san lambun nan duk shekara nutsewa yake. Na kira gida ina kuka kamar 'yar goye, hanci na zuba, ni da ake ce wa mai dakiya.

Baba ya karɓe wayar daga hannun Inna. "Bar kukan ga. Hwaɗa min dai, abin ga mi shika yi?"

Na faɗa masa, ina shessheƙa. Sai ya ce, "Ashe ɗan'uwana ne, masunci. Bai saƙa taru sai ya ji kihi kusa. To mi ka tashe shi shi kama saƙa?"

Tambayar da na cika shafuka ina kewayawa ke nan, ya yi ta a numfashi guda.

Kwana biyu bayan nan wani direba ya kira ni tasha. Kwali ne, a ciki kwanonin abincin Inna guda huɗu, cike da ƙasa mai danshi, kowanne ɗaure da ƙyalle mai launi daban. Baba ya bi da waya: jan na gindin dogonyaro ne, farin na bakin rijiya, sauran biyun daga lungun nan. A kwano na uku na same ta. Da na ga zargen farko a ƙarƙashin madubin ƙara girma, sai da na rungume mai sharar labo, baiwar Allah ta rasa abin da ya same ni.

Sai da na kare aikina gaban malamai na koma garinmu Malanbil, Inna ta tona asiri. Ashe ranar da Baba ya je ɗibar ƙasar, ruwa ya riga ya cinye hanya. Ya jingine babur ɗinsa, ya ratsa da ƙafa, ruwa har ƙirji, kwanoni bisa kai. Ya yi sati kwance da masassara, ya hana kowa gaya mini.

Na same shi zaure na ce, "Baba, don mi ba ka hwaɗa min ba?"

Ya ce, "Da kin ce in bari. Ni kuwa ɗiyar da na haihwa ba ta hana ni shiga ruwa."

Yanzu ya tsufa, ƙanena ke riƙe da lambun. Har yau ina jin kunyar shekarar nan da na yi ina ɓoye masa aikina, wai don kar in wahalar da shi da abin da ya fi ƙarfinsa. Duk na je gida nakan zauna gefen tabarmarsa in karanta masa abin da nake rubutawa, ina mayarwa da Hausa. In ya ce bai gane ba, komawa nake in sake rubutun.