Gwaiduwar da Inna Ta Ba Ni

Ranar wata Laraba, cikin daminar da na shiga aji biyu, Inna ta zaunar da ni a tsakar gidanmu na Kurawa, rana tsaka, ta ɓare dafaffen ƙwan zabo a gaban kowa. Ƙyanda ce ta kwantar da ni tun kafin shuka, ta tafi ta bar ni ƙashi da fata. Ko man shanu anka zuba mini a tuwo, yadda ya shiga haka gudawa ke fitar da shi, jikina ba ya riƙe komai. Ƙawayena suna gona korar tsuntsaye, ni ko ludayi nauyi yake yi mini. Matan unguwa har sun fara ba Inna haƙuri, ina kwance ina jin su.

A gidanmu kuwa yaro bai cin ƙwai. Kaka, uwar Babanmu, ita ke riƙe da dokar: "Ɗan da ya san daɗin ƙwai, akurki zai fara, ya ƙare da rumbun mutane." Zabinmu na zuba ƙwai cikin ciyawa bayan danga, mu munka san makwancinsu, mu ke tsinto shi, amma na manya ne da baƙi.

Inna ta murje gwaiduwar da man shanu cikin ƙoƙo har sunka haɗe, man ya daina tasowa, ta zuba kan dafaffiyar zogala. Kaka ta yar da tsintsiya. "Ke Hadiza! Ɓarauniya za ki yi muna cikin gida?" Inna, wadda ko ido ba ta haɗawa da surukarta, ta ce, "Iya, ɓarauniya mai rai ta fi mini ta kirki a kushewa. Za ni ba ta, kuma gobe ma za ni ba ta." Kaka ta rantse sai Inna ta koma gidansu Kamarawa. Inna ta cika mini baki. Baba dai ya saɓi kalme ya fice gona.

Kullum haka, kuma ba a ɗaki ba, a fili. Kaka ta daina amsa gaisuwarta har lokacin girbi ya yi. Ni kuwa gudawar ta tsaya, kumatu sunka dawo, da anka yanke gero da ni anka yi kala. A makaranta sai anka sa mini suna 'Yar Akurki, in mun zauna carafke kowa ta danne duwatsunta wai kada in sace. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, amma wallahi ban bar ci ba.

Sai da na kai ɗiyata awo asibiti, wata ma'aikaciya ta ce mana gwaiduwa tana da wani sinadari mai haɗa mai da ruwa a cikin hanji, har jiki ya samu ya tsotsi man da bitamin E na ganye. Inna ba ta ji wannan bayani ba, ta riga ta rasu. Yau 'ya'yana suna cin ƙwai a ƙofar gida, ba mai ko waiwayowa, wani lokaci har su rage. Nakan ɗauke ragowar in cinye, ina tuna ƙoƙon nan. Ga ni da furfura, Inna, ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba.