Filashin da Ya Ci Min Ƙafa

Assalamu alaikum jama'a. Na san kun daɗe ba ku ga hoton zuma a shafin nan ba. Masu tambayar ko na bar sana'ar ne, da wanda ya rubuto wai na yi kuɗi na manta da mutane, ku yi haƙuri. Ban yi kuɗi ba. Ƙafa aka yanke min.

Wanda ya san shagona a kasuwar Suleja ya san ba na sayar da zumar da ban ga ɗibarta da idona ba. Shi ya sa duk shekara nake bin Danjuma, wani mai amya da muka daɗe tare, mu shiga daji a ƙafa. Jaka a baya, garin kwaki da ƙuli, mu yi kwanaki muna bin bishiyoyi.

Dajin babu sabis. Sai ka hau wani dutse ka ɗaga waya sama, sannan ɗigo ɗaya ya leƙo. In ka yi sa'a kira ya shiga, ya yi ƙara sau ɗaya ya yanke. Magana ba ta yiwuwa, saƙo ba ya tafiya. Don haka tun shekarun baya muka yi shiri da matata Hassana: duk yammar da ta ga filashina, lafiyata ƙalau, kada ta wahalar da kanta. Ita tsoronta masu garkuwa da mutane ne.

Bana, muna can ciki, na taka wani kututture ya huda takalmi ya shige min tafin ƙafar hagu. Abin mamaki ko zafin kirki ban ji ba. Na ɗaure da tsumma muka ci gaba, har ina tsokanar Danjuma cewa shi ne rago.

Sai kumburi. Sai kaluluwa. Sai zazzaɓin da ke kaɗa min haƙora da tsakar rana. Da ƙyar Danjuma ya ja ni gindin dutsen nan, lokacin yatsun sun fara baƙi.

Wayarsa ta riga ta mutu, sai na ba shi tawa. Na ce ya hau ya yi ta kiran Hassana ba ƙaƙƙautawa, in ta ga kira ya yi yawa za ta gane. Na ce ya kira Yaya Sabi'u, wana da ke gyaran mota a Gauraka, don ya san ƙauyen da muke ajiye babur.

Muka zauna jiran taimako. Kullum Danjuma ya hau, ya sauko ya ce kira ya shiga. Kullum in kasa kunne ko zan ji ƙarar babur. Wallahi na ji tsoro, irin wanda ban taɓa ji ba, musamman da ƙudaje suka fara bin tsumman.

Da wari ya fito, Danjuma ya ce, “Maigida, babu mai zuwa.” Ya ajiye min ruwa ya tafi nemo mutane. A kan gadon kara suka fito da ni.

A asibitin Suleja aka ɗebi jini, nas ta tambaye ni tun yaushe nake da ciwon suga. Na ce ni? Ashe yawan fitsarin da nake ɗora wa shayi, da rashin jin zafin nan, duk shi ne. Suka tura mu wani babban asibiti a Abuja.

Ƙarin ruwa, allurai, hoton ƙafa, wankin ciwo kowace safiya. Wankin ciwon nan, ko maƙiyi ba na yi masa fata. Babur ɗina ya tafi a kuɗin magani, injin markaɗen Hassana ya bi shi.

Likitan bai ɓoye min komai ba. Ya ce da na iso da wuri, da yatsu kawai za a cire. “Yanzu ko ƙafar ko ranka,” in ji shi. Yaya ne ya sa hannu a takardar.

Aka yanke daga ƙasan gwiwa.

Sai bayan tiyata na ji yadda aka yi. Cikin duk kiran da Danjuma ke yi, ɗaya tak ke isa wayar Hassana a yini. Yaya kuwa ya ga nasa, ya bi kira bai shiga ba, ya kira ta hankali a tashe. Ita da bakinta ta kwantar masa da hankali, ta ce yanzun nan na yi mata filashin.

Da shiru na yi ban sa an kira ba, da tun ranar ta tada duk unguwarmu ta Wambai. Zazzaɓi bai bar ni na yi wannan tunanin ba.

Yanzu ina gida. Ciwon ya warke, ina koyon tafiya da sanduna, ina yi wa kaina allurar suga. Wani lokaci ƙafar da babu ita ke min ƙaiƙayi, in kai hannu in taɓa katifa.

Na gode wa Allah da ya bar ni da rai. Danjuma, Yaya, likitoci da nas-nas, da 'yan kasuwa da suka yi ta zirga-zirga, Allah ya saka muku da alheri.

Ku je ku auna suga, ko kuna jin ƙarfi. Ciwon da ba ya zafi a ƙafa, kada ku raina shi. In za ku shiga inda babu sabis, ku faɗa wa na gida ranar fitowa, ku ce in ta wuce a biyo ku. Kuma don Allah kada filashin ya zama alamar lafiya. Sai an ji murya.

Na faɗa wa Hassana ba laifinta ba ne, ni na kawo shirin. Ta ce ta ji. Amma jiya tana shafa min mai a dungulmin, kanta a sunkuye, sai ta ce, “Baban Ummi, duk sanda kiran nan ya shigo, hamdala nake yi in tashi in ɗora tukunya.”