Sunan da Ban Taɓa Faɗa Ba

Edita, ni mace ce da ta biyo mijinta London da akwati rabinsa littattafan soyayya ne. A lokacin na yi imani cewa zuciyar da ta so mutum ba ta taɓa manta shi. Kamar yadda iyayenmu suka tarbiyyantar da mu, ban taɓa kama sunan mijina ba. Baban yara nake ce masa.

Bayan ya yi ritaya, muna flat ɗinmu a Plumstead, mantuwa ta soma kama shi. Da fari makulli ne, sai hanyar masallaci. Daga baya in na ce Baban yara, sai ya waiga yana neman wanda nake kira. Na sha kuka a ɓoye, na ɗauka ya daina sona ne. Na ƙara turare, na riƙa kaɗa masa miyar kukar da yake so, ina jiran soyayya ta dawo min da shi kamar a littafi.

Likitarsa a Camberwell ta bayyana mana cewa akwai sinadarai masu isar da saƙo tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, kuma ciwon yana sauya aikinsu sannu a hankali. Sabon abu ke fara gogewa, na yarinta ya fi daɗewa. Ta ce wataƙila a ransa bai haifi kowa ba tukuna, in gwada kiransa da sunan da mahaifiyarsa take kiransa. Na ce mata a wajenmu mace ba ta yin haka. 'Yarmu ta tsokane ni da Turanci, wai ko council, hukumar unguwarmu, ce za ta kama ni. Na ƙi. Watanni ina ƙi, shi kuma yana ta yi min nisa.

Wata safiya ya ƙi shan kunu, ya kau da kai ga taga. Cokali a hannuna, na faɗi sunan. Ya juyo da murmushin da na sani tun ina amarya, ya tambaye ni ko bai makara makaranta ba. Na ce masa da saura. Ban san ko matarsa ya gani ko mahaifiyarsa ba, amma ya shanye kunun.

Yanzu ko sunan ba kullum yake amsawa ba, kuma watannin da kunya ta cinye min ba za su dawo ba. 'Yan'uwana mata, wannan ciwo ba ƙiyayya ba ne, kuma ba ya jira. Ku kira maigida da sunan da yake ji, tun yana juyowa.