Notin da Aka Karya a Kan Tarakta

Har yau ranar da aka kashe mana tarakta a wurin gyaranmu na wajen Ɗambatta ba ta fita raina ba. Lokacin ina babban bakanike, a shekarun da kayan gyara suka yi wuya. Tarakta ɗaya ta rage mana mai motsi, ga damina ta faɗi, ƙananan manoma na jiran huɗa.

Mun canza gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, saura ɗaure notinan kan injin. Ku yara ku gane, ɗaurin nan lissafi ne: nauyin da ka sa sau tsawon hannun sifana. Injin yana son kilo ashirin a hannu mai mita ɗaya. Sifanarmu mai ma'auni ta lalace, an ƙi sayo wata. Sai na zura bututu mai mita ɗaya, na rataya sikelin hatsi a bakinsa, ina ja a hankali, noti bayan noti.

Ina cikin haka shugabanmu, Injiniya Sabo, ya shigo da wani Alhaji mai babbar gona da ke son hayar taraktar.

"Malam Ado, Alhaji na sauri. Ajiye sikelin nan."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kai ka koya mini wannan dabarar."

Bai dube ni ba. Ya sa aka kawo bututu mai mita biyu, ya ce wa direban Alhajin ya hau. Ƙaton mutum ne, zai kai kilo tamanin. Na ce ninki takwas ke nan na abin da notin zai ɗauka. Injiniya ya ce, "Na sani. Hau."

Notin ya yi ƙas, ya karye a cikin inji, kan ya tsage.

Alhaji ya shiga motarsa, ya hayo tarakta daga Kano. Manomanmu suka koma garmar hannu, har da tsofaffi. Wata bazawara mai marayu, Inna Talatu, rabin gonarta ta iya shukawa. A rahoto kuwa aka rubuta sakacin bakanike, aka mai da ni reshenmu na Bici.

Jahili ya karya noti, sai ka koya masa. Abin da ke ƙona mini rai, wanda ya ba da umarnin nan ya fi ni iya lissafin. Saboda haka in an tsaya muku a ka ana sauri, ku miƙa wa mai saurin sifanar, ku ce ya ɗaure da hannunsa.