Tocilar Baba da Baffan Lungunmu

Cikin duk gyare-gyaren da hannuna ya taɓa yi, akwai guda ɗaya da har in koma ga Allah ba zai fita daga raina ba, shi ne gyaran tocilar mahaifina. Ni mai gyaran rediyo da wayoyi ne a nan Bauchi, kuma a shekarun nan ina ji da kaina ƙwarai, gani nake ba abin da zai gagari dalmata.

Gidanmu a Ƙofar Dumi yake, can cikin wani lungu mai kwata a tsakiya. Baba ya tsufa, yanar ido ta fara rufe masa gani, amma sallar asuba a masallaci ba ta wuce shi. Da wata tsohuwar tocilar ƙarfe yake fita, mai cin manyan batura, haskenta ja-ja kamar na fitilar da kananzir ya kusa ƙare mata. Wata asuba ƙafarsa ta zame cikin kwata, ya dawo da gwiwa a fashe. Yayanmu babba ya tara mu ya yanke hukunci: in aka sake faɗuwa, Baba a gida zai riƙa salla. Na ga yadda Baba ya sunkuyar da kai, abin ya tsaya mini a zuciya.

Na kawo masa sabuwar tocila mai caji, ya juya ta a hannu ya miƙo mini. "Wannan ai ta yara ce, ba ta da nauyi. Bar ni da tawa."

Sai na ce to, a bar gangar jikin, a canja cikin. Na lallaɓa na karɓe ta na tafi da ita shago. Na cire tsohon ƙwan, na samo ƙwan LED mai ƙarfi, na ɗora shi a kan ɗan faifan alminiyam don kada zafi ya ƙona shi, na liƙe wayoyin da dalma. Na sa mata batir mai caji, na canja gilashin da ya dushe. Da na danna ta a cikin shago sai da maƙwabcina tela ya yi salati. Fari fat, har ƙwayar yashi kana gani. Na koma gida ina ta fankama, na ce, "Baba, yanzu ko allura ce ta faɗi a lungun nan sai an tsince ta." Ya sa mini albarka.

Kwana biyu ya fita da ita, bai ko yi tuntuɓe ba. Amma ya daina shan kokonsa da daɗi, hira ma ta ragu. Rannan da hantsi na tarar ya ajiye tocilar a kan tabarma, ya ce gobe da sanda kawai zai fita. Ni kuwa na san fita ba haske faɗuwa ce, faɗuwa kuwa ita ce ƙarshen zuwansa masallaci.

"Baba, me ta yi? Ba ta haskawa ne?"

"Tana haskawa, har ta yi yawa," in ji shi. Sai ya ƙara da cewa, "Baffanku bai fito ba."

Baffa wani dattijon Bafillace ne da ya sayar da shanunsa ya zauna a bakin lungunmu, ƙafafunsa sun yi rauni. Ashe shekara da shekaru, kullum asuba a zaurensa yake zama, sai ya ga jan hasken nan ya bi ta jikin bango, sannan ya buɗe ƙofa ya fito kamar dai katari aka yi, ya dafa kafaɗar Baba su tafi. Ba su taɓa yin alkawari ba. Baffa da kunyar Fulani ba zai ce "ka biyo mini" ba, Baba kuma ba zai ƙwanƙwasa ƙofar mutum da asuba ya nuna masa ya gaza ba. Da farin haskena ya dallare lungun, Baffa ya ɗauka 'yan sintiri ne, ya yi zamansa yana jiran abokinsa har aka sallame. Mu da muke gida ɗaya da Baba ba wanda ya san da wannan, don duk muna ta minshari a lokacin.

Wallahi sai da idona ya ciko. Na ɗauki tocilar na koma shago, na zazzage akwatin tarkacena, ban samu abin da nake so ba. Na bi abokan sana'a ɗaya bayan ɗaya, suna ta yi mini dariya wai kowa na neman fari ni ina neman ja. Daga ƙarshe na samu ƙwan LED mai haske ja-ja a jikin wata fasasshiyar fitilar ado. Na dasa shi, na rage masa ƙarfi kaɗan, na tono tsohon gilashin daga kwandon shara na goge na mayar. Hanya tana fitowa sarai, amma launin na da ne.

Washegari na tashi na bi Baba a baya, nesa kaɗan. Hasken ya hau bangon Baffa, Baba ya rage tafiya, ya yi ɗan tari. Sai na ji ƙarar sakata, Baffa ya leƙo.

"A'a, Malam, ashe kana gari? Na ce ko jiki ne."

"Ni lafiyata ƙalau," in ji Baba. "Tocila ce ta yi 'yar jinya, ta samu sauƙi."

"To madalla. Allah ya ƙara mata lafiya."

Ya ɗora hannu a kafaɗar Baba, suka tafi a hankali, ni kuma na tsaya a jikin bango ina share hawaye da hannun riga. Haka suka ci gaba har shekarar da Baffa ya rasu, kuma Baba bai sake faɗuwa ba.

Tun daga ranar, in tsoho ya kawo mini abu gyara, ba na saurin kwance shi. Sai na ba shi kujera, na tambaye shi me yake yi da shi, da wa kuma yake amfani da shi. Na gane cewa wani abin da kake gani ya mutu a hannun dattijo, akwai wani bawan Allah a bayan ƙofa da yake zaune yana jiran sa.