Maƙalar Albasa

A zamanin mulkin farar hula na biyu ina malamin gona a Boɗinga, kuma na ɗauki kaina masani. Rani biyu na yi ina zirga-zirga a fadamun Danchadi a kan babur, ina bin abin da ke ruɓar da albasa a wurin ajiya. Da na gama na rubuta sakamakon da Turanci, wani malamina na jami'a ya gyara, muka aika wa wata mujallar kimiyya a ƙasar waje. Suka karɓa, da sharaɗin in sa hannu cewa rubutun ya zama nasu. Don zumuɗi ko karanta sharaɗin sosai ban yi ba.

Ranar Juma'a na tafi Shagari na gaya wa mahaifina. Malamin zaure ne, littattafansa kusan duka da hannu aka kwafe su, kuma a lokacin ganinsa ya soma raguwa. Burinsa ɗaya ne, ya ga aikin da idonsa tun yana iya gani.

Da na sake komawa Shagari, na tarar har ya sa an dafa tawada, ya kuma yi magana da wani abokinsa mai kyawun rubutu. A wurinsu haka ake yi: in littafi ya shigo gari, a ara, a kwafa, a mayar. Wai za a juya shi zuwa Hausa da ajami don mutanen fadama.

Na ce, "Baba, ba a kwafarsa sai da izinin masu mujallar."

Ya ce, "Ba kai kar rubuta shi ba?"

"Ni ne."

"To wa ah hana ka? Ilimi na, ba gona ba."

Na kawo bayanin doka iri-iri, ni kaina ina jin bayanin bai zauna ba. Ya ce in dai kawo ya gani tukuna.

Sai aka shiga tsuke bakin aljihu. Madara da sabulu ma sai an bi layi, balle mujalla daga ƙetare. Ɗakin karatun jami'a ya daina karɓar sababbin fitowa. Kwafin da masu mujallar suka ce sun aiko mini ya salwanta a hanya. Na yi ta sintiri gidan waya a Sakkwato har ma'aikacin ya soma girgiza kai tun ina bakin ƙofa. Abin ya ƙona mini rai matuƙa. An buga aikina, wasu can suna karantawa, ni da na sha ranar Danchadi ban san kamarsa ba.

Duk zuwana Baba sai ya tambaya, "Ya iso?" Da idon ya rufe gaba ɗaya sai ya daina tambaya, don kada ya kunyata ni. Bai jima ba ya rasu.

Bayan na yi ritaya, 'yata da ke koyarwa a jami'a ta ce mujallar ta buɗe tsofaffin fitowarta a intanet, kowa ya karanta kyauta. Ta nemo maƙalar tawa ta miƙo mini waya. Gajeriyar aba ce, ba ta kai yadda nake tunawa ba. Ban iya wuce layin farko ba. Sunana ne a sama, na Baba na biye da shi, kamar yadda aka rubuta mini tun firamare. Shekaru sunansa na cikin ɗakunan karatu na duniya, ban ma taɓa tunanin gaya masa haka ba.