Gamel da Doguwar Busa

Gamel ɗan Ketel bai iya zama ba. Duk wanda ya san shi a garin Skelwath zai faɗa maka haka kafin ya faɗa maka kamanninsa. A tsaye yake shan kunun sha'ir, ƙafa ɗaya a ɗaki ɗaya a waje. In ka tsaya gaisawa da shi, bakinsa na amsa maka, idonsa na can bayan kunnenka yana kallon arewa. Ko a coci bakin ƙofa yake raɓewa, har limamin ya gaji da harararsa ya ƙyale shi.

Ba laifinsa ba ne, gado ya yi. Gonar da yake nomawa da makiyayar da ke bayanta, ba da hatsi ake biyan haƙƙinsu ba, ba kuma da aiki a gandun hakimi ba kamar sauran mutane. Da ƙaho ake biya. Tun zamanin kakansa aka ba gidansu wannan ƙasa bisa sharaɗi guda: su tsare tudun da ke kallon mashigin kogi, in mutanen Sikotlan suka tsallako, waɗanda muke ce wa 'yan ƙetare, su busa. Busar kuwa iri biyu ce. Akwai gajeru a jere, wato hakimi ne ya dawo daga tafiya, a fito a tare shi. Akwai doguwa, wadda ake ja sai numfashi ya ƙare. Ita wannan da an ji ta ba a tambayar kowa komai, mata su saɓa yara, maza su kora shanu, a yi cikin kurmi. Mai ƙahon tudun gaba ya karɓa ya miƙa wa na gaba da shi, har ta kai gidan dutsen da dakarun sarki ke zaune.

Da ubansa ya rasu, Gamel ya durƙusa gaban Hakimi Odard, ya sa hannayensa biyu cikin na hakimin, ya rantse zai busa duk ranar da abokin gaba ya taka ruwan nan. Ba wanda ya tsaya tambayar abokin gaban wa ake nufi. A lokacin ko yaro ya san amsar.

Haka ya yi ƙuruciyarsa, ya kai ga furfura, rabin ransa na gona rabi na kan tudu. Zai yi kunya ɗaya da garma, ya ga tsuntsaye sun tashi ta wajen kogi, ya bar shanun a tsaye ya zura da gudu. Matarsa Eda ta yi mita har ta gaji.

"Maigida, ni fa ban san ko kai na aura ko tudun nan ba," in ji ta. "Shi dai ya fi ni ganin fuskarka."

"To ai shi ba ya mita."

"Ba ya kuma dafa maka kunu."

Wanda ya fi takura masa shi ne Dolfin, taubashinsa, ƙaton mutum mai ƙirji kamar ganga, wanda ke kiwon tumaki a gindin tudun. Duk sanda Gamel ya wuce da gudu sai ya ɗaga murya: "Mai ƙaho, yau kuma zomo ne ya tsallako? Busa mana mu gudu!" Gamel ya ce masa ranar da za a yi gudun gaskiya, tumbin Dolfin ne zai maƙale a ƙofar kurmi ya tare wa mutane hanya. Amma duk tsiyar da ake masa, kowa ya san a zamaninsa 'yan ƙetare ba su taɓa samun garin a kwance ba. Sukan ƙone ɗakuna, wannan ba abin da za a yi. Ɗaki kuwa itace ne da ciyawa, in saniya na raye ana sake tashi.

Sai shekarar da manyan hakimai suka juya wa sarki baya. Labarin ya zo mana gutsure-gutsure, bakin fatake da sufaye masu yawo. Wai sarki ya matsa musu, yana ƙwace gidajensu na dutse, yana tsare 'ya'yansu a hannunsa don kada iyayen su motsa. Wai sun tilasta masa alkawari, ya juya ya karya. Talaka dai ya ji ya ce Allah ya kyauta, don ba da shi aka yi shawara ba. Abin da ya ɗaga wa Gamel hankali shi ne da aka ce Hakimi Odard da kansa ya tsallake kogi, ya je ya yi wa sarkin 'yan ƙetare mubaya'a, don ya zo ya taya hakiman yaƙi da sarkinmu.

Bayan an gama girbi, shanu sun yi ƙiba ana shirin yankan hunturu, sai ga Hamo, wakilin hakimi, ya hau tudun a kan doki. Bai ko sauka ba.

"Kai mai ƙaho, buɗe kunnenka. Maigidanmu na nan tafe da baƙi. In ka ga tutarsa a mashigi, ka busa gajeru, ko ka yi shiru. Ka ji ko?"

"Ranka ya daɗe, baƙin nan daga ina?"

"Daga inda ya ga dama. Doguwar kuwa ka ajiye ta. In ka hango dakarun sarki ta kudu, to nan ka ja ta."

Gamel ya waiga ya dubi kudu kamar yau ya fara ganinta. Ya ce, "Ranka ya daɗe, tudun nan ai ba ya ganin kudu. Dutse ya tare."

"To ka sa masa ido a ƙeya. Hannunka cikin na wa ka sa, na sarki ko na Odard? Ƙasar wa kake ci?"

Gaskiya ce ya faɗa, kuma ita ta fi ciwo. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Daga ranar, ɗan zaman da Gamel ke yi ma ya ƙare. Ya hau tudu ya sauko, ya shiga gona ya fita, ya ɗauki gatari ya manta abin da zai sara. Ya je wurin limami ya tambaye shi ko rantsuwa na da gaba da baya. Limamin, wanda shi ma a ƙasar hakimi yake cin abinci, ya ce masa ya yawaita addu'a. Eda ta ce, "Ka busa gajerun mana, ka huta. Mu ina ruwanmu da faɗan manya? In aka kore mu daga gonar nan ina za mu da tsufa?" Ya ce ta yi gaskiya. Ya fita, ya dawo, ya sake cewa ta yi gaskiya, ba tare da ta ƙara cewa komai ba. Tsoro yake ji, tsoro na gaske.

Da hantsi suka zo, rana tas. Tutar Odard ce a gaba, hoton jar barewa a kan fari, da mahaya kaɗan kewaye da ita. Gamel ya ga farin dokin hakimin ya shiga ruwa, ya ɗaga ƙaho, ya tattara leɓe don gajeru. Sai ya ga abin da ke biye. Masu tafiya a ƙasa ne, ba iyaka, sun rufe gangaren ƙetare baki ɗaya. Ba keken guzuri ko ɗaya a bayansu, ba jaki mai kaya. Abin da ke kafaɗar kowannensu, ban da mashi, igiya ce a naɗe. Mutumin da zai je yaƙi da sarki me zai yi da igiyar ɗaure saniya? Hakimi ya gayyato baƙi, kuma garin farko a kan hanya shi zai ciyar da su. In ya busa gajeru, mutanen Skelwath za su fito bakin hanya da yaransu suna gaisuwa.

Ya ja doguwa. Ya ja ta har idonsa ya yi duhu, ya shaƙi iska ya sake ja. Can ya ji tudun gaba ya karɓa.

Bai gudu ba, don ya san in ba su same shi ba kurmin za su bi. A nan kan tudu mahayan suka tarar da shi. Hakimi Odard ya daɗe yana dubansa, kuma wallahi ba fushi kaɗai ke fuskarsa ba, har da mamaki, kamar mutumin da karensa ya cije shi.

"Gamel, ni ka busa wa doguwa?"

"Ranka ya daɗe, ba kai ba. Na bayanka."

"Na bayana nawa ne."

Bai sa an kashe shi ba. Ya ce bakin da ya yi laifi shi zai biya. Hamo ya karɓi ƙahon, ya juya gindinsa mai ƙarfe, ya sauke masa a baki. Haƙoran gaba suka tafi, leɓen sama ya rabe har hanci. 'Yan ƙetare suka shiga gari suka tarar da kaji da karnuka, suka cinna wa ɗakuna wuta don haushi, suka wuce. Dakarun sarki kuwa busar ta riga ta kai musu, an rufe ƙofofi, ba a same su a sake ba.

Eda ce ta ɗinke leɓen da zaren lilin. A bukkar Dolfin suka yi hunturun nan, don Hamo ya sa wani a gonar. Gamel na shan romo ta gefen baki, yana zagaye bukkar kamar akuya a turke.

Tawayen bai yi ƙarko ba. Kafin shekara ta zagayo an sasanta da wasu hakiman, an ƙwace ƙasar wasu, Odard yana cikin waɗanda aka ƙwace wa. Wani wakilin sarki ya zo daga kudu, ya zauna ƙarƙashin itacen da ke gaban coci yana sake raba ƙasa. Duk garin suka raka Gamel, kowa na cewa yau ranarsa ce. Dolfin ya yi bayani, mata suka shaida, har limami ya samu bakin magana.

Wakilin ya saurara, kuma ba mugun mutum ba ne. Ya ce sarki ya gode. Sannan ya ce, "Amma ƙasar nan ta ƙaho ce, haka aka ba da ita tun farko. Mai riƙe ta dole ya busa. Baba, ga ƙahon, mu ji."

Aka miƙa masa ƙahonsa, wanda aka tsinto a gidan Hamo. Gamel ya shafa shi, ya kai baki. Iska ta fita ta tsagar leɓen, fuu. Ya gyara, ya matse, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Fuu. Ba wanda ya yi dariya, da ma an yi da ya fi sauƙi. Ya gwada ta gefen baki, abin da ya fito ko tunkiyar da ke kiwo a bayan coci bai sa ta ɗaga kai ba. Eda ta rufe fuska da gyalenta.

"Iyaka ba ta zama babu mai busa," in ji wakilin a hankali. "Wa zai karɓa?"

Kowa ya sunkuyar da kai. Da wakilin ya ce to zai kawo mutum daga kudu, sai Dolfin ya fito yana jan ƙafa, bai yarda ya dubi taubashinsa ba. Ya karɓi ƙahon, ya cika ƙaton ƙirjin nan, ya busa. Abin da ya fito kamar kukan maraƙin da aka taka wa wutsiya. Wakilin ya ce ai za a iya da hakan, ya juya ga maganar gaba.

Gamel ya juya zai tafi. Ya yi nisa kaɗan, ya tsaya, ya yi ta murza hannu. Sai ya dawo da sauri, ya kama Dolfin a hannun riga.

"Kai, da wannan za ka tashi gari? Ko matarka ba za ta farka ba." Maganar na fita da ƙyar ta leɓen. "Ba da kumatu ake yi ba, sakarai, daga ciki ake turowa. Taho mu hau, rana na yi. Ba kowa a kan tudu tun safe."